Hayar mota da direba na awa 8 a Delhi: inda kuɗin ke biya da inda ba ya biya

Kusan kowane otal da masaukin baƙi a Delhi, musamman waɗanda ke kusa da manyan asibitoci inda mutanenmu ke sauka in sun kai mara lafiya, yana da wannan haja a teburin karɓar baƙi: mota da direba na yini guda, awa 8, kilomita 80, a zaga da kai wuraren tarihi sannan a kai ka kasuwa. Galibi ƙaramar mota mai cin mutum huɗu takan kama daga rufi (kuɗin Indiya) 2,000 zuwa 3,000, babba irin Innova kuma ta fi haka. Ga mai jinya da ya samu sararin yini ɗaya tak kafin komawa gida, ko ɗan kasuwar da ya biyo ta garin, tayin yana da daɗin ji. Hukuncina a kansa shi ne: rabin aikin yana da kyau ƙwarai, ya cancanci kuɗinsa, rabin kuma yana cutar da baƙo idan ya saki jiki. Motar tana da amfani a kudancin birnin, ba ta da wani amfani a cikin tsohon gari, kuma wajen sayayya ita ce babbar ƙofar asara.

Kafin a shiga motar akwai abubuwan da ya kamata a tsayar, a rubuce a WhatsApp, domin a kansu ake rigima da yamma. Na farko, daga ina ake fara ƙirga awa da kilomita? Kamfanoni da yawa daga garejinsu suke farawa, kuma sai motar ta koma gareji ake rufe lissafi, don haka kana iya rasa awa guda da kilomita 20 ba ka ko zauna a kujera ba. Ka nemi a fara daga ƙofar masaukinka, ka ɗauki hoton lambar kilomita ta gaban direba lokacin tashi da lokacin sauka. Na biyu, nawa ne kowace awa da kowace kilomita da ta haura yarjejeniya. Na uku, kuɗin fakin da na shingen hanya yawanci a kanka suke, sai ka ce a nuna maka rasit. Wanda ya sauka a Gurugram ko Noida ya san cewa ba a cikin Delhi yake ba, na farko a jihar Haryana ne, na biyu a Uttar Pradesh, kuma motar haya tana biyan haraji in ta ƙetare iyaka, ga shi zuwa da dawowa kaɗai zai cinye kusan rabin kilomita 80 ɗin ko fiye. A duba lambar motar ma: ta haya a Indiya rawaya ce da baƙin rubutu. Mai farar lamba motar gida ce, ba ta da izinin ɗaukar fasinja, in wani abu ya faru a hanya magana takan yi tsawo.

Sai zaɓen rana. Ranar Lahadi mafi yawan shagunan Chandni Chowk, babbar kasuwar tsohon gari, da kasuwar kayan yaji ta Khari Baoli a rufe suke. Litinin kuma ranar hutun kasuwannin Sarojini Nagar, Lajpat Nagar da Karol Bagh ce, kuma shekara da shekaru ranar ake rufe Lal Qila, wato Jar Ganuwa, don haka a tambaya kafin a sa shi a lissafin Litinin. Daga Talata zuwa Alhamis, ko Asabar, su ne ranakun da komai ke buɗe ba tare da cunkoson Juma'a ba. Mai son sallar Juma'a a Jama Masjid ya sani cewa ranar ta masallaci ce da abinci, ba za a iya cusa mata wurare biyar ba.

Kuskuren da ya fi yawa a tsarin da kamfanonin ke bayarwa shi ne jerin wuraren. Sukan fara da tsohon gari da ƙarfe tara na safe, lokacin da shaguna ba su buɗe ba, don ciniki a Chandni Chowk ba ya kankama sai sha ɗaya. Daga nan su nufi kudu, baƙo ya isa hasumiyar Qutub Minar da rana tsaka, inda babu inuwa sai kaɗan, kuma a watannin Mayu da Yuni zafin Delhi yakan haura digiri 40, wani lokaci ya taɓa 45. Daidai shi ne a juya jerin. A tashi da ƙarfe bakwai, a fara da Qutub Minar da sanyin safiya kafin motocin ɗalibai su iso, a wuce kabarin Sarki Humayun, a ratsa ta India Gate, ƙofar tunawa da sojoji, a isa Jama Masjid dab da azahar. Direba zai iya cewa hanyar ba ta dace ba. Ta dace, kuma jimlar tafiyar daga tsakiyar gari ba ta kai kilomita 80 ba.

A wannan rabin na safe ne motar ke nuna amfaninta. Tashar jirgin Metro mai suna Qutab Minar tana da tazarar kusan kilomita 2 daga hasumiyar kanta, sai an hau a-daidaita-sahu, kabarin Humayun ma ba a bakin tasha yake ba. Da mota kuwa a ƙofa za a sauke ka, ka dawo ka tarar da sanyin esi da ruwanka. Ga tsoho, ko mai ƙananan yara, ko wanda bai daɗe da tashi daga gadon asibiti ba, wannan kaɗai ya biya kuɗin.

Qutub Minar tana buƙatar awa guda da rabi. Tsayinta mita 72.5, Qutbuddin Aibak ne ya fara gina ta wajen shekarar 1199, Iltutmish ya ɗora, Firoz Shah Tughlaq ya gyara samanta bayan tsawa ta faɗa mata a ƙarni na 14. An daina barin mutane su hau tun 1981, saboda turereniyar da ta yi sanadin rasa rayuka a matakalarta, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai shigar da kai. Abin da ya fi cancantar tsayawa a nan shi ne rubutun ayoyin da aka sassaƙa a jikin jan dutse suna zagaye hasumiyar ɗamara-ɗamara, da ƙofar Alai Darwaza ta shekarar 1311, da ginshiƙin ƙarfen nan mai tsayin mita 7 da ke tsakar masallacin Quwwatul Islam, wanda ya kai shekara 1,600 a fili bai ci tsatsa yadda ƙarfe ke ci ba. Kabarin Humayun, wanda matarsa Bega Begum ta sa aka gina aka kammala wajen 1572, shi ne wuri mafi natsuwa a yinin gaba ɗaya: lambu mai kusurwa huɗu, magudanan ruwa, bishiyoyi, ga wurin zama. Wanda ba zai samu zuwa Agra ba, a nan zai ga salon ginin da daga baya ya haifi Taj Mahal. Awa guda ta isa, amma matakalar hawa dandamalin tana da tsayi da tsauri, mai ciwon gwiwa ya tsaya a lambun, daga ƙasa ma ginin ya fi kyan gani. India Gate kuwa minti goma sha biyar ne, hoto ne kawai, ba a fakin a kusa, direba zai sauke ka ya zagayo.

Tikitin shiga ba ya cikin kuɗin motar. Baƙo yakan biya wajen rufi 600 a kowane ɗaya daga cikin Qutub Minar, kabarin Humayun da Lal Qila, ɗan ƙasa kuma bai kai rufi 100 ba, yara 'yan ƙasa da shekara 15 kyauta ne. Akwai ɗan ragi ga wanda ya saya ta intanet, sai dai katin banki na waje yakan ƙi wucewa, don haka a riƙe tsabar kuɗi. Layin baƙi daban yake kuma ya fi gajarta. Ka je tagar da kanka, ka riƙe tikitin har ka fito, kuma ka ajiye kwafin fasfo da biza a aljihu.

Yanzu ga matsalar. Tsakanin Qutub Minar da kabarin Humayun, ko bayan India Gate, direba zai ce akwai wani babban shago na gwamnati a kan hanya, kallo kyauta ne, minti goma kawai. Ginin zai zama mai kyau, mai sanyi, za a kawo shayi, a shimfiɗa dardumu da gyaluluwa, a sa maka kujera. Ba na gwamnati ba ne. Shago ne da ke biyan direba la'ada a kan duk abin da ka saya, wasu ma suna ba shi wani abu don kawai ya shigo da kai, kuma la'adar nan a cikin farashin da za a faɗa maka take. Wannan ne dalilin da ya sa wasu kamfanoni ke iya ba da mota a farashin da ko mai da ladan direba bai biya ba. Ba muguntar direban ba ce shi kaɗai, tsarin ne aka gina haka, albashinsa kaɗan ne an bar shi ya cike daga jikin fasinja. Amma asarar baƙo biyu ce: kuɗin da ya ninka, da minti arba'in zuwa awa guda daga cikin awa takwas ɗin da ya saya. Akwai ma shagunan da suka raɗa wa kansu suna mai kama da Dilli Haat don a rikita baƙo. Dilli Haat ta gaskiya da ake nufi tana daura da kasuwar INA, a bakin tashar Metro, fili ne a buɗe mai rumfuna, ana sayen tikiti a ƙofa. In an kai ka gini mai ƙofar gilas ba tikiti, ba ita ba ce.

Maganin abin mai sauƙi ne, kuma ya fi kyau a yi shi da mutunci. Tun da safe a gaya wa direba cewa ba a son tsayawa a kowane shago, kuma in ya bi jerin da aka ba shi akwai tukuici mai kyau da yamma, rufi 300 zuwa 500. Yawancinsu suna karɓar wannan da hannu biyu. In ya ce wurin da kake son zuwa a rufe yake yau, ko an yi gobara, ko ana zanga-zanga, ka ce ya kai ka ka gani da idonka. Haka ma mutanen da ke tare baƙi a Connaught Place da tashar jirgin ƙasa ta New Delhi suna cewa za su raka ka ofishin yawon buɗe ido. Na gwamnatin tarayya yana lamba 88 a titin Janpath, sauran ofisoshin masu sayar da tafiye-tafiye ne.

Da an isa tsohon gari aikin motar ya ƙare. Tun gyaran da aka kammala a 2021, babban titin Chandni Chowk, mai tsawon kilomita 1.3 daga Lal Qila zuwa masallacin Fatehpuri, ba a barin mota ta shiga daga tara na safe zuwa tara na dare, lungunan kuwa ko da an bari ba za ta shige ba. Direba zai yi fakin a nesa ya jira, awanninka na tafiya. Mai ƙarfi a jika ya sallame shi a ƙofar Jama Masjid, ya ƙarasa yinin da ƙafa, da keken fasinja mai feda, da Metro. Wanda ke tare da dattawa ko yake shirin sayen kaya masu nauyi ya riƙe shi, amma ya san cewa yanzu ɗakin ajiya yake haya, kuma awa takwas da aka fara da bakwai za ta cika da ƙarfe uku.

Jama Masjid shi ne wurin da zai fi zama a zuciyar Bahaushe. Sarki Shah Jahan ne ya gina shi tsakanin 1650 da 1656, da jan dutse da farin marmara, a kan tudu, farfajiyarsa tana ɗaukar mutum kusan 25,000. Shiga kyauta ne, amma ana karɓar kuɗin kyamara daga masu yawon kallo, wani lokaci har a kan waya, mai zuwa salla ya faɗa a ƙofa cewa salla ya zo. Akwai tafkin alwala a tsakiya. A zo da leda a saka takalmi a riƙe, don ƙofofi uku ne kuma mai yiwuwa ba ta inda ka shiga za ka fita ba. Da bazara dutsen farfajiyar yana ƙona tafin ƙafa da azahar, a bi ta kan shimfiɗar da aka ja, ko a sa safa. Masallatan Delhi galibi Hanafawa ne, la'asarsu tana yin baya fiye da yadda muka saba, kada a ga shiru a zaci an riga an yi.

Abincin rana a Matia Mahal ake ci, lungun da ke fuskantar ƙofa ta ɗaya ta masallacin. Unguwar Musulmi ce, yankan halal ne. Karim's, wanda aka buɗe a 1913, shi ne sunan da kowa ya sani, maƙwabcinsa Al Jawahar ma haka, kuma kowannensu zai ƙosar. A nemi korma na akuya da gurasar khamiri mai laushi, da tsiren niƙaƙƙen nama. Miyar tana da maiƙo sosai, kwano ɗaya ya ishi mutum biyu, ana kuma sayar da rabin kwano. Abin da suke kira maton naman akuya ne, abin da ake kira babban nama kuma na ɓauna ne, domin an hana yanka saniya a Delhi. A wajen unguwannin Musulmi a tambaya kafin a ci nama, saboda akwai yankan jhatka, na sara ɗaya, wanda ba halal ba ne. Wanda likita ya sa wa doka a kan mai da gishiri ya tsaya ga gasasshiyar kaza da gurasa. Ruwan gora kawai za a sha, a duba murfin, lita ɗaya wajen rufi 20 ce kuma farashin yana rubuce a jiki, kamar yadda yake a kan duk kayan da aka ƙulle a kamfani. A guji ƙanƙara da yankakkun 'ya'yan itace na bakin titi. Mai tashi a jirgi washegari ba ya wasa da cikinsa.

Daga nan sai kasuwa, kuma a nan ne awa uku ke wucewa kamar minti talatin. Tsohon garin a rarrabe yake layi-layi kamar Kurmi ko Kwari, kowane lungu da hajarsa, don haka wanda ya san abin da yake nema ba ya buƙatar ɗan rakiya. Dariba Kalan layin azurfa ne da turare. Kinari Bazaar, wanda ke manne da shi, na kayan adon ɗinki ne: bakin leshi, zaren zinare, duwatsu, tuntaye, abin da teloli mata za su so su kwashe gaba ɗaya, kuma ana sayar da shi a naɗe, ya fi araha a sayi naɗin duka da a yanka. Katra Neel na yadi ne, Ballimaran na takalma da tabarau, Nai Sarak na littattafai da sari, wato zanen matan Indiya, Khari Baoli kuma can ƙarshen titi bayan masallacin Fatehpuri. Daga Jama Masjid a shiga ta Dariba da ƙafa, a ɓulla Kinari, a fito babban titi, a hau keke zuwa Khari Baoli. A tsayar da kuɗin keken kafin a hau, a kuma fayyace cewa na keken ne duka ba na kowane mutum ba.

Yadi a Indiya da mita ake aunawa. Yadi biyar na kaftani da wando mita 4.6 ne, yadi shida irin na atamfa mita biyar da rabi, wanda shi ne daidai tsawon sari, shi ya sa sari mai kyau yake fitar da riga da siket ko doguwar riga da ɗankwali. A tambayi faɗi, don da yawa inci 44 ne, bai kai faɗin shadda ba, mai jiki ya ƙara mita guda. A sa a warware yadin gaba ɗaya a gaban ido, a tsaya har a yanka a naɗe, domin musanya yakan faru ne tsakanin teburi da leda. Kalmar siliki a bakin ɗan kasuwa ba ta nufin komai. Abin da suke kira art silk na roba ne, na gaskiya yakan zo da tambarin Silk Mark, kuma in an ƙona zare ɗaya yana warin gashi ya zama toka, na roba kuwa ya narke ya dunƙule. Pashmina ulun akuya ne mai laushi da tsada, don haka gyalen pashmina na rufi ɗari biyar ba pashmina ba ne, gyale ne mai kyau na zaren kamfani, a saye shi a matsayinsa. In wani ya rage murya ya ce yana da shahtoosh, gyalen gashin barewar Tibet, a bar wurin, haramtacce ne a dokar Indiya da ta duniya.

Turare shi ne abin da mutanenmu suka fi sani kuma suka fi saurin yarda a kai. Da tola ake sayarwa, kamar a gida, wajen gram 11 da rabi, kwalbar mililita 12. Tsohon shagon Gulab Singh Johrimal da ke Dariba tun 1816 yake, kuma ya dace a fara da shi don a ji yadda wardi da khus (jema) da yasmin na ƙwarai suke kafin a shiga masu araha. Attar na asali, irin wanda ake dafawa a garin Kannauj, a kan man sandal ake kama shi, yana da tsada, ƙamshinsa yana buɗewa a hankali. Mai araha a kan man da ba shi da ƙamshi ake haɗa shi da sinadari, yana bugun hanci da farko sannan ya mutu. Ba laifi ba ne a sayi mai arahar don humra ko turaren wuta, laifin a biya kuɗin na asali ne. A shafa a bayan hannu, a tafi layin yadi, a dawo bayan rabin awa. Hanci yana gajiya bayan kala huɗu ko biyar. A sa a zuba daga kwalbar da aka gwada, a naɗe murfin da salatif, a saka a akwatin da za a auna, don jakar hannu ba ta wuce mililita 100 a kwalba.

A Khari Baoli ƙurar barkono tana sa tari da atishawa, mai asma ya sa takunkumi ko ya tsaya a shagunan bakin titi. A sayi kayan yaji ɗanye ba niƙaƙƙe ba: kanumfari, kirfa, kadamon, hulba, habbatus sauda, busasshen kurkum, da zabibi da yazawa. Farashi da kilo ake faɗa, sai a kula ko na gram 100 ake nufi. Kadamon mai kyau kore ne shar, cike da 'ya'ya, kanumfari mai kyau yana da kansa kuma yana fitar da mai in an danna farce. Za'afaran shi ne aka fi yi wa algus. A jefa zare biyu a ruwan ɗumi: na gaskiya yana sakin rawaya a hankali kuma zaren ya ci gaba da zama ja, na rini yana sakin ja nan take ya koɗe. Shaguna da yawa suna da injin ɗaure leda, a sa su ɗaure, in ba haka ba duk yadin da ke akwati zai koma warin miya.

Wajen ciniki, a shagunan manyan dillalan yadi da kayan yaji ragin kaɗan ne, sai in an sayi da yawa. A rumfunan titi, Janpath, Sarojini Nagar, Meena Bazaar, farashin farko ga baƙo yakan ninka, a taya rabi ko ƙasa da haka a hau a hankali, tafiya kuma ita ce tayi mafi ƙarfi. Masu kallon finafinan Indiya suna da ɗan jari a nan, kitna (nawa ne) da kam karo (rage) da nahi chahiye (ba na so) suna aiki. Amma kalmomi biyu suna rikita mutane: dedh ɗaya da rabi ne, dhai biyu da rabi, don haka dedh sau rufi 150 ne, dhai sau 250, dhai hazar 2,500. A sa mai kaya ya buga lambar a kalkuleta. 'Yan ƙasa da waya suke biya ta UPI, wanda yawancin baƙi ba su da shi, don haka a canza kuɗi tun a masauki ko wurin canji mai lasisi, a nemi takardun 100 da 200 da yawa, a ƙi karɓar yagaggiya don ba za a karɓa daga hannunka ba. An janye takardar 2,000 tun 2023, kada a yarda a ba ka ita a canji. A cikin cunkoso jaka a gaba, waya a aljihun gaba. Baƙar fata yana jan ido a tsohon gari, za a kalle ka, wasu za su nemi hoto, kana da damar cewa a'a ka wuce.

Mai sayen zinare ya nemi tambarin BIS, hukumar tantance ingancin kaya ta Indiya, a jiki, da 22K916, da lambar HUID mai alama shida, ya karɓi rasit da ya raba nauyi da kuɗin ƙira da haraji. Azurfa 925 ake nema. Duk abin da aka ce tsohon kayan tarihi ne a bar shi, dokar 1972 ta hana fitar da abin da ya haura shekara 100, in kuma ƙarya ne an yi asarar kuɗi.

Ga wanda ba ya son ciniki ko kaɗan, akwai wuraren gwamnati na gaskiya, kuma abin takaici shi ne su ne direbobi ba sa son kai mutum. Central Cottage Industries Emporium da ke Janpath farashi ɗaya ne a rubuce, akwai rasit, ana karɓar kati. Ya fi kasuwa tsada, amma abin da aka rubuta siliki siliki ne, kuma ko ba za a saya ba minti ashirin a ciki yana koya wa ido kimar kaya. Shagunan jihohi da ke jere a titin Baba Kharak Singh ma haka suke. Dilli Haat, wadda aka buɗe a 1994, ita ce ta fi dacewa da rufe yini: baƙo yana biyan rufi 100 a ƙofa, masu sana'ar hannu daga jihohi suna karɓar rumfuna na mako biyu-biyu, babu turereniya, akwai banɗaki da wurin zama, ana kuma ɗan ragi. Jakunkuna, takalman fata, zannuwan gado masu bugun hannu da tsarabar yara duk a nan suka fi sauƙin saye.

Daga Chandni Chowk ko Chawri Bazar layin rawaya na Metro yana kai wa INA kai tsaye ba canji, cikin kusan minti ashirin, tafiyar da mota za ta iya cinye awa guda da yamma. Kuɗin tafiya daga rufi 11 ne zuwa 64 bayan ƙarin da aka yi a 2025, akwai kuma katin baƙi na yini guda a rufi 200, a mayar maka da 50 in ka dawo da katin. Ana binciken jaka a ƙofa, tarago na farko na mata ne zalla kuma ana cin tarar namijin da ya shiga, ba a ci ba a sha a ciki. Daga biyar zuwa takwas na yamma jirgin yana cika maƙil, musamman a tashar Rajiv Chowk, mai buhun kayan yaji da ledoji shida zai sha wuya. Irin wannan mutum ya kira Uber ko Ola daga bakin Lal Qila, ya kai kayan masauki tukuna, ya auna su. Kilo biyar na kayan yaji, sari huɗu da zannuwan gado biyu sun kusa cinye rabin akwatin kilo 23.